Maganin da ke narkewa a kan harshe: ya fi ƙwaya saurin aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyata tana karɓar maganin ciwon daji, kuma duk ƙwayar da ta haɗiya sai ta dawo da ita. Likita ya rubuta mata maganin amai mai suna ondansetron, amma da muka saya sai muka ga wani siririn falle ne kamar ɓawon albasa, wai a kan harshe ake ɗora shi. Anya wannan yana da ƙarfin ƙwaya? Ya fi ta saurin aiki? Kuma za a iya mayar mata da sauran magungunanta irinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Mama lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri.

Magani ne sosai, kada sirantarsa ta ruɗe ki. Miligiram 4 ko 8 da aka rubuta a jikin ledar daidai yake da abin da ke cikin ƙwaya mai wannan awo. Ana kwaɓa sinadarin ne da wani abu mai danƙo da ke narkewa a ruwa, galibi daga sitaci ko tsirrai, a ƙara ɗan zaƙi don ɓoye ɗaci, a shimfiɗa, a busar, a yayyanka. Dabarar ta fara shahara ne a 2001 da fallen ƙamshin baki na Listerine, sannan a 2010 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta amince da na ondansetron mai suna Zuplenz.

Batun sauri shi ne inda mutane da yawa ke kuskure, har da wasu masu kemis. Saurin narkewa daban, saurin aiki daban. Fallen Mama zai narke cikin daƙiƙoƙi, amma maganin zai bi yawu ya sauka ciki, hanji ya tsotse shi kamar yadda yake tsotsar na ƙwaya. Don haka kada ki sa ran tashin zuciyar ya tsaya nan take. Shi ya sa ake bayar da shi kafin a fara sa mata maganin dajin, ba sai amai ya kankama ba. Amfaninsa a wajenta shi ne babu kurɓar ruwa, babu abin da zai tokare maƙogwaro ya tayar mata da zuciya. Ga mai irin lalurarta, ko tsohon da haɗiya ke yi wa wuya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai dai wani rukunin da ake sakawa a ƙarƙashin harshe ko a manna a cikin kunci. Su kam ta fatar bakin suke shiga jini kai tsaye, ba sa bi ta hanta ta rage musu ƙarfi. Misali shi ne Suboxone, wanda ake ba masu son rabuwa da jarabar ƙwayar maye ta heroin da dangoginta. Irin wannan idan aka haɗiye shi an yi asararsa. Saboda haka a karanta takardar cikin kwali, a tabbatar inda aka ce a ɗora.

Mayar da sauran magungunanta kuwa ba zai yiwu ba ga yawancinsu. Fallen ƙarami ne, abin da yake iya ɗauka bai wuce 'yan gomomin miligiram ba. Farasitamol ƙwaya ɗaya miligiram 500 ce, ina za ta shiga? Ga kuma tsada, domin kowane falle da ledarsa. Idan sauran ƙwayoyin na ba ta wahala, ki tambayi likitanta ko akwai na ruwa ko allura. Kada ki daka mata ƙwaya bisa ra'ayin kanki, domin wasu an yi su ne su riƙa sakin magani a hankali.

Laima ce babbar abokiyar gabar fallen. Hannunki ya zama a bushe, kada a yage ledar sai lokacin sha, musamman da damina, kuma kada a bar shi a mota cikin zafin rana. A ɗora a kan harshe, a bari ya narke, sannan ta haɗiye yawun. Ban da tauna, ban da raba shi biyu sai likita ya ce. Idan bakinta na bushewa, abin da ya zama ruwan dare ga masu shan maganin daji, ta ɗan jiƙa bakin da ruwa tukuna. In a Najeriya kika saya, duba lambar NAFDAC.

Ondansetron kan kawo ciwon kai da taurin bayan gida, kuma yana iya taɓa bugun zuciya. Idan Mama na da ciwon zuciya, likita ya sani. Idan ta ji faɗuwar gaba mai tsanani ko jiri har ta kusa suma, ko ta wuni tana amai ko ruwa ba ya zama a cikinta, a kai ta asibiti a ranar, kada a jira ranar da aka ba ta.