Sanƙo, ƙora da aski: amsar tambayoyinku kan kai marar gashi

Wata malamar makaranta daga Zariya ta rubuto: "Malam, barka da aiki. Ɗalibaina sun tuno da rigimar bikin Oscar na karrama 'yan fim na 2022 a Amurka, inda Will Smith ya hau dandali ya mari Chris Rock saboda ya yi wa matarsa ba'a a kan askin kanta. Wasu suka ce sanƙo gare ta, wasu suka ce ƙora ce. Wanne ne daidai?"

Malama, barka kadai. Babu ɗaya daga cikin biyun da ya dace da ita.

Sanƙo shi ne gashi ya riƙa janyewa daga gaban goshi ko tsakar kai, a hankali, shekara da shekaru, ya bar gefe da ƙeya. Fatar kan lafiyarta lau, ba ƙaiƙayi ba ƙuraje. Gadonsa ake yi, ta wajen uwa ko ta wajen uba, kuma wani sinadarin jikin maza ne ke ƙanƙantar da saiwar gashin har ta daina fitar da gashin kirki. Ki lura da yadda muke faɗarsa: "ya yi sanƙo", kamar yadda muke cewa "ya yi furfura" ko "ya yi gemu". Bahaushe ya jera shi cikin abubuwan da shekaru ke kawowa.

Ƙora kuwa cuta ce, ita da makero. Su kama mutum suke yi, kuma yara suka fi kamawa. Fatar kai ta yi fari-fari tana saɓa, gashi ya kakkarye tabo-tabo, ana kuma ɗaukarta ta aska ko mataji ko hular wani. Tana da magani, ana warkewa. A hadisin nan na Bukhari da Muslim game da mutum uku na Bani Isra'ila da Allah ya jarraba, kuturu da makaho da na ukunsu, Larabci ya kira na ukun "aƙra'u". Na fi natsuwa da a ce masa mai ƙora, domin da bakinsa ya ce mutane suna ƙyamarsa saboda abin da ke kansa. Ba a ƙyamar mai sanƙo. Shi Larabawa suna da wata kalmar daban da suke kiransa da ita, "asla'u".

Ita Jada Pinkett Smith, matar Will Smith, tun 2018 ta faɗa wa duniya cewa gashinta na zuba, larurar da likitoci ke kira alofeshiya. A nau'inta da ya fi shahara, garkuwar jikin mutum ce ke far wa saiwar gashinsa. Masu kallon ƙwallo sun san Pierluigi Collina, alƙalin wasa ɗan Italiya da ya busa wasan ƙarshe na kofin duniya a 2002 tsakanin Brazil da Jamus. Irin wannan larura ce ta kwashe masa gashi har gira tun yana saurayi. A Hausa ki ce "ciwon zubewar gashi", ya wadatar. Abin da mutane suka gani a kanta ran bikin kuma aski ne, wanda ta yi saboda ciwon. Ina roƙon masu fassara labarai su raba waɗannan abubuwa, musamman in mace ake magana. Matan da kitso mai tsauri ya cinye wa gaban goshi, da masu jegon da gashinsu ke zuba bayan wata biyu ko uku da haihuwa, duk suna sauraro, kuma kalmar da aka zaɓa ita za ta sa mace ta nufi asibiti ko ta ƙara ƙulle ɗankwali ta yi shiru.

Wani saurayi daga Maraɗi ya ce: "Baba Malam, shekarata ba ta kai talatin ba kaina ya fara buɗewa. Abokai suna ce mini sanƙo alamar arziki ne, wasu kuma su ce hula ce ta jawo mini. Maganar arzikin karin magana ce?"

Ɗana, ba karin magana ba ce. Zance ne na lallashi da ya zama camfi. A ganina tushensa a fili yake: sanƙo ya fi bayyana lokacin da mutum ya manyanta, ya yi iyali, ya tara abin da zai tara, sai aka ɗaura wannan da wancan. In an faɗa maka don a kwantar maka da hankali, ka ce amin. Amma camfi irin wannan yana iya yin muni. A 2017, a lardin Zambeziya na ƙasar Mozambik, sai da 'yan sanda suka gargaɗi masu sanƙo su yi hattara, bayan an kashe wasu mutane bisa imanin cewa akwai zinari a cikin kawunansu.

Hula kuwa ba ruwanta, ba ta kawo sanƙo. Abin da ta yi mana shi ne rufe shi. Dattijon Bahaushe ba ya fita kai ba hula, in basarake ne ko malami ga rawani a kai. Daga iyalinsa sai wanzaminsa sai wanda ya zauna kusa da shi wajen alwala su ne suka san abin da ke ƙarƙashi. Talabijin da gidajen kallon ƙwallo ne suka saba mana da ganin babban mutum kai a buɗe, irin su Zidane da Guardiola, ana ta yabonsu ba wanda ya damu da kansu. Daga can kuma muka ji cewa Wayne Rooney ya yi dashen gashi a 2011 yana ɗan shekara 25, muka ji yadda birnin Istanbul ya zama matattarar masu wannan aiki. Yanzu ka buɗe Facebook ko TikTok ka ga masu tallar mai da sabulu suna ta "matsalar sanƙo", "rabu da sanƙo cikin mako biyu". Wannan salon magana yana damuna, domin yana ciro kalmar daga layin furfura yana kai ta layin cuta, don a sa matashi irinka jin kunyar abin da kakansa bai ji kunyarsa ba. In kana son rage gudunsa, likitan fata yana da magunguna biyu sanannu, minoxidil da finasteride, kuma in an daina amfani da su zubar takan dawo. Wurinsa za ka je.

Tambaya daga Kumasi: "Malam, sanko da zanko abu ɗaya ne? Kuma mene ne tal-kwabo?"

Rashin ƙugiya a wayoyinmu ne ya haɗa su. Sanƙo da ƙ mai lanƙwasa ake rubuta shi. Zanko shi ne tsirin da ke kan zakara, da kuma askin da ake share gefe biyu a bar gashi a tsakiya, kamar yadda ake yi wa yara a da. Wurin da mai zanko ya tara gashi, nan mai sanƙo ya rasa. Tal-kwabo, wasu su ce ƙwal-kwabo, aski ne da aka share kai duka har yana ƙyalli, irin wanda alhazai ke yi bayan jifa ranar layya.

Wata baiwar Allah daga Jos ta ce ta ji mai sharhin wasanni yana cewa "aski ya zo gaban goshi", tana tambaya ko da masu sanƙo ake, kuma ko akwai karin maganar da ta shafi kai marar gashi.

Hajiya, ba da su ake ba. Cikakkiyar maganar ita ce "in aski ya zo gaban goshi ya fi zafi". Hoton na wanzami ne da askarsa: ya share ƙeya da tsakar kai, saura gaba, ruwan da aka jiƙa gashin ya fara bushewa, mai kai ya gaji da sunkuyo. Ana faɗarta in abu ya kusa ƙarewa kuma wuyarsa ta ƙaru, kamar goman ƙarshe na azumi ko makonnin ƙarshe na gasar ƙwallo. Wadda ta taɓo kai marar gashi ita ce "ungulu da kan zabo". Tsuntsayen biyu duk kansu ba gashi, amma ɗaya ana cinsa ɗaya ana ƙyamarsa, sai mayaudari ya kawo gangar ungulu ya ɗora mata kan zabo. Ana nufin musanya abu mai kyau da marar kyau a ɓoye.

Na ƙarshe daga Kano: "Malam, a majalisarmu akwai wanda muke kira Mai Sanƙo. Laifi ne?"

Ɗan'uwa, shi za ka duba. Hausa ta raba wasa da ba'a da gori. Jika zai shafa kan kakansa ya tsokane shi, taubashi ma haka, ba wanda zai ɗaga gira, domin al'ada ta ba su wannan filin kuma ana ramawa. Malaman hadisi ma sun kira wasu manyan maruwaita da laƙabin siffarsu, kamar Al-A'amash mai raunin gani da Al-A'araj gurgu, don a gane su. Amma aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana jifan juna da laƙabin da ke ɓata rai. A Ingila, a 2022, wata kotun ma'aikata ta yanke cewa zagin da aka yi wa wani ma'aikaci da sanƙonsa cin zarafi ne. In abokinku yana amsawa da fara'a har yana ramawa, wasa ne. In yana yaƙe ne kawai, ko ya fara zuwa majalisa da hula alhali da ba ya sawa, ku koma kiransa da sunansa na yanka.