Injin Fasa Dutse: Kafin Ka Biya Dillali

Tambaya: Ina da tifa biyu a Gusau, ina sayen tsakuwa ina kai wa masu gini. Yanzu ina so in kafa wurin fasa dutse nawa a wajen Kwatarkwashi. Wani dillali ya nuna mini inji mai guduma ɗan Sin, mai araha, ya ce shi kaɗai zai ba ni tsakuwa da yashi. In saya?

Amsa: Alhaji, dakata tukuna. Dutsen yankinku giranit ne, mai taurin gaske, yana cin ƙarfe kamar dutsen wasa wuƙa. Inji mai guduma ya fi dacewa da dutse mai laushi, irin wanda ake yin siminti da shi a Kalambaina ta Sakkwato. Ka zuba masa giranit, gudumomin za su siɗe nan da nan, ribarka ta ƙare wajen sauya su.

Abin da za ka fara da shi shi ne inji mai muƙamuƙi, wanda Eli Whitney Blake ya ƙirƙiro a Amurka a 1858. Faranti biyu ne na ƙarfe mai manganis, ɗaya a tsaye, ɗaya yana matsowa yana tauna dutsen. Sai dai tsakuwarsa takan fito da faɗi-faɗi kamar sakaina, masu zuba kankare kuwa ba sa son haka. Shi ya sa ake bin sa da inji mai mazugi, ya rage girman, sannan rariya ta ware mai rabin inci da mai kwata uku da garin dutse. Garin nan masu buga bulo za su kwashe maka shi.

Injin yin yashi kuwa, wanda ke wurga dutse ya daki dutse har ya zama ƙwaya, ci gaba ne na gaske, haka ma injinan fasa dutse masu tafiya kan sarƙa da kamfanonin Metso da Sandvik ke ƙerawa. Amma ba na mai farawa ba ne, suna shan jari da man gas.

Kasancewar inji ɗan Sin ba aibu ba ne. Ka tambayi dillalin inda za ka sami farantan muƙamuƙi da bel a Kano ko Kaduna, da bakaniken da ya san shi. Idan ya fara inda-inda, ka riƙe kuɗinka.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙura. Mu a Zamfara mun ga abin da niƙan dutsen zinariya a cikin gida ya jawo a 2010 a Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400. Ƙurar giranit cutarta daban ce, a hankali take cinye huhu, kuma ba ta da magani. Ka sa famfon feshin ruwa a bakin injin, ka ba ma'aikatanka takunkumin ƙwarai, ka yi nesa da gidajen mutane.

Kafin duk wannan, ka nemi lasisin fasa dutse a ofishin rajistar ma'adinai na tarayya.