Tsohuwar Sifanar Kakana

Tambaya: Salam Malam, na tsinci wata tsohuwar sifana cikin kayan marigayi kakana, irin wadda ake murzawa bakinta ya buɗe ko ya tsuke, an rubuta Bahco a jikinta. Ya zan gane shekarunta? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikas salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan kaka. Gaskiya ka yi dace. Bahco ta ƙasar Suwidin ce, Johan Petter Johansson ne ya yi rajistar wannan samfurin a 1892 a garin Enköping, to ka duba hannunta da kyau, in ka ga sunan B.A. Hjorth & Co tsohuwa ce sosai don sai a 1954 kamfanin ya koma AB Bahco, in kuma tambarin kifi da ƙugiya ka gani to ta baya-bayan nan ce, bayan kamfanin Sandvik ya sayi Bahco a 1991.

Amma don Allah kar ka sa mata samfefa, nan mutane suke ɓata abin, rubutun ya goge shikenan. Jiƙa ta a kananzir kwana biyu, ka bi tsatsar da buroshi a hankali, sai ka ɗiga mata ɗan mai a wajen murzawar.