Za a sauya min kwanon gida, me zan tarar?

Malam, kana tambaya ko iyali za su iya zama a gidan ana aikin. Za su iya, amma ku shirya wa ƙura da ƙarar guduma, ku rufe gado da kujeru da tamfol, yara kuma su yi nesa don ƙusa ko'ina take zubowa. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne in aka yaye tsohon kwano sai a ga gara ta cinye katako, kuɗin ya ƙaru, to ka ware wani abu. Sabon katako a shafa masa maganin gara. Kada ka fara da damina gaskiya, kuma kada kafinta ya yaye abin da ba zai rufe ranar ba. Wayoyin cikin silin mai gyaran wuta za ka kira, in bango ya tsage kuma injiniya ya duba tukuna.