Ƙanwata ce a jini, amma kotun Amurka ta ba Gwaggo ita. Mi zan cika a fom?

Salam Anti, dan Allah ki taimaka min. Ni ɗan Katsina ne, na samu gurbin karatu a Amurka, ina cikin cike fom ɗin biza DS-160 sai na iso inda suke tambaya ko ina da ɗan'uwa na kusa a can, wato mata ko ɗa ko wanda muka fito ciki ɗaya, nan na tsaya. Ina da ƙanwa uwa ɗaya uba ɗaya, da Baba ya rasu tana ƙarama Gwaggonmu da ke can ta ɗauke ta, kuma ba riƙo irin namu ba, har kotu suka je aka mai da ita ɗiyarta aka sa mata sunan mijin Gwaggo. Mai cike min fom a kafe yace in sa babu kawai tunda a takarda ba ƙanwata bace, wai in nace akwai za su ce ba zan dawo ba. Wallahi hannuna ya kasa, yarinyar da na goya fa Anti, kullum muna waya.

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya jiƙan Baba. Kar ka sa babu.

Mai kafe ya haɗa abu biyu ne. A dokar shige da ficen Amurka, yaron da aka ɗauka ta kotu kafin ya kai shekara 16 kuma ya samu zama ta wannan hanyar, iyayen da suka haife shi ba su da wani haƙƙin biza ta dalilinsa, kuma a 1993 hukumar ɗaukaka ƙara ta shige da fice ta yanke cewa haka abin yake ga waɗanda suka fito ciki ɗaya da shi. Ma'ana ƙanwarka ba za ta iya nema maka takardar zama a matsayin yayanta ba. Iyakar abin da hukumar ta yanke kenan, ba ta ce ka ɓoye ta ba. A addininmu ma nasaba ba ta canzawa, aya ta 5 a Suratul Ahzab ta ce a kira su da sunan ubanninsu.

Ɓoyewar ce ke da haɗari, don in jami'i ya gano ka yi ƙarya da gangan a abin da ya shafi bizar, dokarsu ta ba da damar hana ka shiga har abada, alhali in an hana ka don ana shakkar dawowarka kana iya sake nema. Kuma ka lura in fom ɗin ya tambaye ka kan sauran dangi, Gwaggo ma tana ciki.

Ka rubuta sunanta yadda yake a takardunta na yanzu, ka roƙi Gwaggo ta turo maka kwafin hukuncin kotun, ranar intabiyu a Abuja ko Legas in sun tambaya ka faɗa musu a taƙaice. In da hali ka nuna wa lauyan shige da fice fom ɗin kafin ka tura, kuma ka karanta kowane layi da idonka, don kai za a kama da abin da ke ciki ba mai kafe ba.