Amsa: Haɗa rediyon GMRS da layin tarho a Amurka

Ɗan'uwa, ka tambaya ko lasisinka na GMRS, wato tsarin rediyon oba-oba na ɗaiɗaikun mutane da iyalansu, ya ba ka damar haɗa oba-obarka da layin tarho, don iyali su riƙa kiranka kana can gona inda babu sabis. Gaskiya bai ba ka ba.

Duba dokokin FCC, hukumar kula da sadarwa ta Amurka, sashe na 95.1749. Ya hana amfani da tashar GMRS tana haɗe da tarho. Kafa ɗaya ya bari: kana iya haɗa na'urar maimaita sauti, wato rifita, da tarho ko intanet domin sarrafa ta daga nesa kawai. Ka kunna ta, ka kashe ta kana zaune a falonka, shi ke nan. Muryar wani ta shigo ta waya ta fita ta iska kuwa, an ƙetare iyaka.

Nan mutane suka fi ruɗewa. Wasu na cewa ai intanet ba tarho ba ce, don haka za su iya jona rifitocin garuruwa daban-daban. A 2024 hukumar ta fito fili ta ce wannan ma bai halatta ba. Ni dai na ga hikimar. Tashoshin rifita takwas ne kacal. Idan hirar wata jiha ta mamaye ɗaya yini guda, maƙwabcinka da motarsa ta mace a hanya ina zai sa kansa?

In kiran tarhon kake so da gaske, zauna jarrabawar lasisin rediyon sha'awa, wato amateur radio, ajin farko tambayoyi 35 ne. A can an yarda, muddin mai lasisi na kula da tashar, kuma ban da harkar kasuwancinka. Amma ka sani duk mai rediyo na jin abin da uwargida ke faɗa maka.