Baba ya daina gane fuskokinmu, sai muryoyinmu

Tambaya: Lokotoro, ƙanena makiyayi ne a wajen Abalak. Yana gane kowace saniya a garke, ni kuwa duk ɗaya nake ganinsu. Baiwa ce?

Amsa: Sabo ne. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani yanki, fusifom, wanda wata mai binciken ƙwaƙwalwa, Nancy Kanwisher, ta nuna a 1997 cewa yana aiki sosai in an kalli fuska. A 2000 wata mai binciken, Isabel Gauthier, ta gano yakan motsa kuma in gwanayen tsuntsaye ko motoci sun kalli abin da suka ƙware a kai. Ƙanenka a bayan shanu ya horar da tasa ƙwaƙwalwar.

Tambaya: Mahaifinmu a Tawa, mai hawan jini, ya wayi gari bai gane mu sai mun yi magana. Yana ganin hanya, yana cin abinci da hannunsa. An ce sammu ne, ana yi masa hayaƙi, ana ɗiga masa tsimin sassaƙe a ido.

Amsa: Ku daina ɗiga masa komai! Wallahi na gaji da ganin idanun da lafiyarsu ƙalau aka lalata su da tsime-tsime. Ido ɗauko hoto kawai yake yi, ƙwaƙwalwa ce ke cewa "wannan ɗana ne". Dattijo mai hawan jini da ya daina gane fuska dare ɗaya, abin da nake tsoro shi ne jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a bayan ƙwaƙwalwa, galibi ta gefen dama. Ciwon da ke shanye ɓarin jiki ke nan, sai dai mutane ba su yarda in ba su ga baki ya karkace ko hannu ya mutu ba. Ba dole ba ne. In ɓarnar ta faɗa wa sashen gani, yana iya tafiya da ƙafarsa. Murya kuwa ta wata hanya daban ake gane ta, shi ya sa yake sanin ku da ita. Ku lura ko yana cin karo da abubuwan da ke hagunsa.

Ku kai shi babban asibitin Tawa yau, ba gobe ba. In an ce a wuce Yamai don hoton ƙwaƙwalwa na sikana, ku wuce. Kada ku ba shi asfirin kafin hoton, don in zubar jini ne, ƙara shi zai yi. Addu'a ku yi ta yi, amma a cikin mota. Bugun ciwon na biyu na iya biyo baya, ku kai shi yau.

Tambaya: Tun ina yarinya ba na riƙe fuskar mutane, a unguwar Bukoki ta Yamai har girman kai ake ce ina da shi.

Amsa: Ana haihuwar wasu haka, wajen mutum 2 cikin 100, kuma yakan bi dangi. Babu ƙwayar da ke warkar da shi. Ki riƙa kama murya da tafiya, ki kuma sanar da makusantanki. In ya ƙaru kwatsam, ki je asibiti.